Wayar da Ta Nemi Inna Ta Kama Suna

Shekarun baya, lokacin da idon mahaifiyata ya fara rauni, na shiga kasuwar Rano neman wayar da za ta iya kira da ita ba sai ta duba rubutu ba. Yayata tana aure a Kibiya, kuma a lokacin tana kwance, jinya ta yi tsawo. Garin ba nisa, amma jikin tsohuwa ya daina ɗaukar mota.

Abokina mai shagon waya ya ɗauko wata mai faɗi kamar allo. Ya ce, "Malam, nan fasaha ta ƙare. Suna kawai za a faɗa mata, ta kira mutum." Ni da na fi sabawa da tawada da alƙalami, sai na gyaɗa kai kamar na san kan abin.

Da na kai gida aka saita, na ce, "Inna, faɗi sunan Yaya."

Ta dube ni. "Sunan wa?"

"Sunanta kawai, wayar za ta kira."

"Kai dai karatu bai raba ka da wauta ba. Ka taɓa jin sunan nan a bakina?"

Ban taɓa ji ba kuwa. Yaya 'yar fari ce. Kunya ba ta barin Inna ta ambace ta, ko doguwar hira ba sa yi. Wayar ta koma ƙarƙashin matashi. Ana nan, Yaya ta aiko tambaya ko Inna fushi take da ita.

Matata ce ta nuna wa Inna wani ɗan wuri a jikin wayar: a danne, a yi magana, a saki, murya ta tafi. Ba kama suna, ba jiran amsa. Inna ta kore mu daga ɗakin. Muna tsakar gida muna jiyo ta, addu'a na bin addu'a, har da faɗan a riƙa shan kunu da zafinsa.

Allah ya ba Yaya lafiya. Daga baya ta ce mini tunda take, Inna ba ta taɓa yi mata magana mai tsawon haka ba.

Shi ya sa tallan sabuwar waya ba ya jan hankalina. Abin da aka yi ta yabo a kwali bai yi mana komai ba. Sabon abu a wurina shi ne wanda ya tarar da mutum da halinsa, ya yi masa aiki a haka.

Inna ta rasu, Allah ya jiƙanta. Gilashin wayar Yaya ya tsage tuni, 'ya'yanta sun kawo sabuwa, ta ce su mayar, muryar Inna na cikin wadda ta tsage.