Malam Madubi, Malamin Furucin Turanci

Haihuwa da Karatu

An haifi marigayin, wanda duniya ta fi sani da Malam Madubi, a shekarar 1942, a wani gari da ke bakin layin dogo. Mahaifinsa mai gyaran agogo ne, mahaifiyarsa kuwa tana ɗinki a cikin gida. Ya shiga firamare a 1950, ya wuce kwalejin horar da malamai a 1957, inda ya fara sanin cewa haruffan Turanci ashirin da shida ne amma sautukansa sun haura arba'in. Abin ya ɗaure masa kai, daga nan kuma bai sake sha'awar wani fanni ba.

Aiki

A 1963 aka tura shi wata sakandare, ya riƙe aji na ƙarshen bene har ƙarshen aikinsa. Yakan fara da baƙi da wasali, ya hau gaɓa, sannan ginin kalma da ginin jimla, yana bambanta suna da aikatau da sifa. Amma ƙarfinsa yana wajen furuci. Kullum da ɗan madubi a aljihun rigarsa, yana sa ɗalibi ya kalli leɓensa da harshensa a ciki, dalilin laƙabin ke nan. Yakan riƙe takarda a gaban bakin yaro don ya ga ƙarfin iska, ya ɗora yatsa biyu a maƙogwaronsa don ya tantance sauti mai ziza, wato mai kaɗa maƙogwaro, da marar ziza. A 1974 hukumar ilimi ta naɗa shi mai jarraba furuci na makarantun yankin.

Aure da Iyali

Ya auri wata ungozoma a 1968, suka zauna a gida mai ɗaki uku a bayan makarantar.

Ciwo

A 1979 sanƙarau ya kwantar da shi wata biyu. Ya tashi kunnen hagu ya mutu, na dama kuma yana ta ja da baya, zuwa 1983 ba ya jin komai sai wani gunji kamar na injin niƙa daga nesa. Ƙa'idar hukuma a fili take, kurma ba ya koyar da furuci, balle ya jarraba wani. Saboda haka shi da matarsa suka rufe maganar, ko 'ya'yansu ba su sani ba.

Ya koma karanta leɓe. Ya kafa doka a aji da gida cewa duk mai magana da shi ya tsaya a gabansa, ya dube shi. Maƙwabta suka yi ta tsegumi wai 'ya'yan Malam ba su da kunya, suna tsura wa ubansu ido. Wanda ya gaishe shi ta baya ya ji shiru sai ya ce boko ya kumbura masa kai. Abokan aiki kuwa tsokanar matar suke yi, wai har yanzu amarci bai sake ta ba, ba ta iya magana sai tana kallon fuskar maigida. Duk ya shanye. Kowace safiya yakan rufe ƙofa ya gwada bakinsa a madubi, kada furucinsa ya karkace bai sani ba. Haka ya yi shekara goma sha ɗaya.

Tonuwar Asiri

A watan Mayu na 1994 hukuma ta sauya tsari, ta ce a riƙa ɗaukar muryar ɗalibai a kaset, mai jarrabawa ya saurara ya ba da maki. Aka ajiye masa rakoda a ofishin shugaban makaranta, wanda tsohon ɗalibinsa ne, ga sufetoci biyu zaune. Ya ga kaset yana juyawa, babu leɓe, babu maƙogwaro. Yana iya gyaɗa kai ya rubuta makin ƙarya, ya kuwa ɗauki alƙalamin. Sai ya ajiye.

"Shugaba, kashe abin nan. Rabona da jin muryar ɗan Adam tun 1983."

Shugaban ya yi dariya, ya zaci raha ce. Da ya ga fuskar malaminsa sai ya zagaya bayansa ya kira shi sau uku da ƙarfi. Malam bai waiwaya ba. An ce shugaban a ƙasa ya zauna.

Kafin azahar labari ya cika gari. Malaman da suka yi shekaru suna hira da shi suka riƙe baki. Babbar 'yarsa a bakin wata maƙwabciya ta ji, ta ƙaryata, ta zo gida ta tambaya, uwarta ta sunkuyar da kai.

Hukuma ta kafa kwamiti don duba ko za a soke sakamakon shekarun nan duka. Aka kawo ɗalibai arba'in, shi ya jarraba su da ido da yatsa, mutum uku suka jarraba da kunne. A kan ɗalibi biyu kacal suka saɓa. Sakamakon ya tsira, amma ƙa'ida ƙa'ida ce, a watan Agusta aka yi masa ritayar dole.

Ƙarshen Rayuwa da Rasuwa

Bai sake shiga aji ba. Ya zauna a gida yana fassara kalmomin nazarin Turanci zuwa Hausa, ya cika littafi uku da hannunsa, ba a buga ko ɗaya ba. Allah ya yi masa rasuwa ranar Talata, 14 ga Maris, 2006, bayan jinyar kwana tara, yana da shekara sittin da huɗu. An yi masa sutura a ranar, aka binne shi a maƙabartar bayan tasha, tsofaffin ɗalibansa ne suka ɗauki makara.

Ya bar matarsa da 'ya'ya biyar: babbar, malamar asibiti, mai bi mata, direban jirgin ƙasa, tagwaye mata, duk malaman makaranta, sai auta, wanda aka haifa a 1985, wanda mahaifinsa bai taɓa jin muryarsa ba. Allah ya jiƙansa.