Tsohuwa Mai Jiƙa Filafili

A mashigin Kalgo, inda jirage ke sauke busasshen kifi, wata tsohuwa tana durƙushe riƙe da filafilin tuƙa jirgi. Zanenta na saƙi ya koɗe. Tana tsoma filafilin a ruwa, tana shafa mariƙinsa da ya sha hannu har ya yi sulɓi.

Wani matuƙi ya ce, "Inna, ki sayar mini mana, ai ke ba ki tuƙi."

Ta ce, "Na ɗana ne. Nasara sun tafi da shi da jirginsa dakon kaya. In itacen ya bushe, tsagewa zai yi kafin ya dawo."

Matuƙin ya kawar da kai. Ina jin ita ma ta san ba zai dawo ba. Ga ta dai, tana sake tsomawa.