Sailuba, Har a Zaman Makokinki Faifai Aka Zo Nema

Ga Allah muke, kuma wurinSa ne makomarmu. Ranar Talata, 14 ga Oktoba, 1997, motar da kika shiga daga Suleja ta kife a kusa da Tafa. Kafin la'asar mun kai ki makwancinki.

Sailuba Dogara, ni Nuraddeen, abokin karatunki, ina rubuta wannan raina a ɓace.

Mu ɗalibai ne masu binciken tarihin fataucin goro, wasu a nan, wasu a Yamai. Kowa da yadda yake rubuta sunayen littattafan da ya duba, su da Faransanci, mu da Ingilishi, har muka kusa watsewa. Ke kika koyi tsarin kwamfutar da ke jera madogara, a ofishin da kike aiki a Abuja, kika haɗa namu da nasu wuri ɗaya. Direbobin Maraɗi kike ba faifan kwamfutar da ke ɗauke da jerin su kai wa na Yamai, ki naɗe shi da leda cikin tsohon kallabi. Da kwamfutar su Mairama ta Yamai ta lalace ana gab da jarrabawarta, kin buga mata komai a takarda kin aika. Da ta yi godiya, cewa kika yi, "Ki dai rubuta sunan tsohon da ya ba ki labarin, haƙƙinsa ne."

Sai malamin da ke duba aikinki ya gane amfaninki. Ya ɗora miki jera madogaran littafinsa, ya riƙe sa hannu a kundinki sai kin gama. Kin roƙe shi ya bari ki aika masa faifan aikin domin zazzaɓi na damunki. Ya ce lallai ki zo da ƙafarki. A hanyar amsa kiransa kika rasu.

Na san kwana ne ya ƙare. Amma ranar sadakar uku mutumin nan ya zo gidanku a unguwar Magajiya, ya zauna a tabarmar makoki, bai gama shafa fatiha ba ya karkata ga mijinki, ya ce, "Malam Suhaibu, faifan nan fa, yana jakarta?" Mijinki ya dube shi, ya tashi ya shige gida. Ni ban yafe wannan tambaya ba.

Allah Ya jiƙanki, Ya haskaka kabarinki, Ya karɓi shahadarki. Ina miƙa ta'aziyya ga Malam Suhaibu, da mahaifiyarki Inna Jannatu, da 'yan'uwanmu na Yamai da labarin bai kai musu ba tukuna. 'Yarki Umaima kuwa, wadda har yanzu take leƙa ƙofa in magariba ta yi, Allah Ya raya ta.