Muryar Baba Haggai Mai Ruwa

Kwana tara da dawowata daga Badun da takardar digiri, ina zaune a zaurenmu bayan la'asar, sai Inna Lahadi ta yi sallama. Matar Baba Haggai ce, mai kawo mana ruwa. Ba ta shigo ba. Ta durƙusa a bakin ƙofa muka gaisa, sannan ta ce, "Ɗan Malam, in ka gama da muryar mijina, ka maido masa. Wata biyu ke nan ko 'ga ruwa' ba ya iya cewa."

Na so in yi dariya, sai ta juya ta yi wa 'yar'uwarta da ta rako ta magana da Dukanci, harshensu. Na gane kalmomi uku a ciki, domin suna cikin littafin da na rubuta kalmomin Dukanci daga bakin mijinta. Ta faɗe su tas, babu gurgurar da nake ji a bakinsa ko kaɗan. Tun daga nan har yau hankalina bai kwanta ba.

A wani ƙauye kusa da Rijau aka haifi Baba Haggai. Manomi ne ɗan manomi, sunan nan ma sai da ya girma ya shiga coci ya same shi. Lokacin babban yaƙi aka ɗebe shi aikin kuza a Jos. Da ya dawo ya tarar ƙanin babansa ya shuka dawa a gonarsa. Bai kai ƙara ba. Ya ɗauko matarsa ya zo Kontagora, ya sami garwa biyu da sanda, ya shiga sayar da ruwa. Shekara goma sha shida ke nan. Tun daga bakin kasuwa ake jin kiransa, har mata kan aza tukunya da zarar sun ji shi. Ranar Lahadi kuwa shi ke ɗaga waƙa a cocinsu.

Mahaifina, Malam Abdulƙadiri, magatakarda a kotun alƙali, yakan ce masa, "Haggai, da ruwanka nake alwala, rabin ladan naka ne."

Shi kuma ya ce, "To Malam, a ba ni nawa rabin da dawa."

A shekarata ta farko a jami'a aka fara koya mana ilimin furuci. Wani Bature ya raba mana madubai, mu wuni muna leƙen bakinmu muna faɗin sauti ɗaya har muƙamuƙi ya gaji. Kowane sauti da alamarsa, kuma sai ka san inda harshe ya taɓa, dasashi ne ko ganɗa. Ban taɓa gajiya irin ta wannan shekara ba. Da dogon hutu ya zo, aka ce kowa ya rubuto kalmomi ɗari biyu na wani harshe da ba nasa ba. Malamin ya gargaɗe mu kada mu dogara da baki ɗaya, a tambayi aƙalla mutum uku.

Damina ce, hanyar Rijau ta lalace, Baba Haggai kuwa kullum da safe yana ƙofar gidanmu. Shi kaɗai na tambaya. A takarda na rubuta mutum uku.

In ya juye ruwa a randa sai ya zauna a kan garwa. In kwaɓa garin gawayi da man gyaɗa in shafa masa a harshe, ya faɗi kalma, in sa madubi in ga inda baƙin ya taɓa.

"Ɗan Malam, wannan ne karatun Badun?" in ji shi. "An kai ka har Kudu ka koyo duba haƙori kamar mai sayen jaki?"

Mutanen unguwa suna ganinsa yana fitowa daga gidan malamai da baƙin harshe. Abin da suka riƙa faɗi, wai muryarsa nake ɗaukewa, sai yanzu na ji.

A wasu kalmomi, in ya ja sauti, muryarsa takan yi wata gurgura daga can cikin maƙogwaro. Na yi murna ƙwarai, don an koya mana cewa akwai harsunan da ke bambanta kalmomi da irin wannan. Na sa alama a ƙarƙashin kowace, na rubuta cewa haka Dukanci yake. Malamina ya karanta takardata a gaban aji. Hutu na biyu na dawo na tarar gurgurar ta shiga kalmomin da ba ta ciki a da. Na ce kunnena ne ya ƙara gogewa, na ƙara alamomi. Hutu na uku kusan kowace kalma tana da ita. Yakan tsaya ya yi tari, ya nemi moɗa, shi mai ruwa. Ban taɓa ce masa, "Baba, lafiya kuwa?" ba.

Ranar da Inna Lahadi ta zo, na bi ta gida. Na same shi a kan tabarma, ya rame, gefen wuyansa ya kumbura. Koko kawai yake iya haɗiyewa. Ya yafito ni, na kai kunne bakinsa.

"Ka ci jarrabawar?"

Na ce na ci. Ya ɗaga mini kai.

A waje na yi wa Inna Lahadi bayani cewa gawayi da madubi ba sa ɗauke murya, ciwo ne, kuma ya daɗe.

"Tun yaushe ka ji shi?"

"Shekara uku, Inna."

"Ka ji, ka rubuta," ta ce. Ta koma kan dakanta.

Washegari muka kai shi asibiti. Likita ya tambayi yaushe abin ya fara, ba wanda ya iya faɗi sai ni. Na buɗe masa littafin, ga kwanan wata a kan kowane shafi, ga alamomin suna ƙaruwa. Ya daɗe yana dubawa. Ya ce bai taɓa ganin an bi ciwo daki-daki haka ba, ya tambaye ni me ya hana a kawo shi tun a shafi na farko. Ya rubuta takarda ya ce a wuce Kaduna, can za su duba ko aiki zai yiwu.

Mun sa su a mota zuwa Zungeru, daga can su hau jirgin ƙasa, shi da Inna Lahadi. Mahaifina ya haɗa su da wasiƙa zuwa ga wani abokinsa, ya roƙe shi ya bugo waya da zarar likitoci sun ce wani abu. Wani mutum, Sati, shi ke kawo mana ruwa yanzu.

Yau kwana goma sha ɗaya da tafiyarsu. Kullum da hantsi nakan je gidan waya in tambaya. Har yanzu ba a bugo ba.