Kunnen Mijina a Jikin Gora

Mijina masunci ne, kuma makaho. Idon ya tafi ne a hankali, bayan mun aurar da ƴarmu ta fari. Mutane suka ce shi da kamun kifi sai labari. Suka ji kunya, don shi dama ba da ido yake kamun ba.

A tafkin garinmu, can bayan garin Dogo, ba a shiga da jirgi. Ƙaton gora ake hawa, mutum ya kifa cikinsa a kai yana tuƙi da hannu. Shi in ya kai tsakiya sai ya zame, ya manna kunne a jikin goran, ya yi tsit. Ya ce kifi ba bebe ba ne. Kurungu gurnani yake yi kamar tsoho mai ciwon baya, kuma inda ya ji hirarsu nan yake zuba raga. Ni nake kai shi bakin ruwa, ni nake soya abin da ya kamo in kai kasuwa Damagaram. In ya fito yakan ce, "Ke mai ido, me kika gani yau?" In ce, "Wani tsohon kwaɗo na gani a kan gora."

Sai aka kawo motopom, injin jan ruwa na noman rani. Ƙanena ne ya fara samu. Kafin a jima sun kewaye tafkin, kowane da tiyonsa a cikin ruwa, daga hantsi har la'asar sakaliya. Albasa da salati sun yi kyau, ni ma na ci. Amma maigida ya fara fitowa da raga babu komi, yana murza kunne.

Na sami ƙanen nawa a gonarsa. Na ce, "Kai, injinka ya toshe wa mijina hanya."

Ya yi dariya. "Haba Yaya, mijin naki ido ya rasa ko kunne? Kifi kuma yaushe ya tsiro kunne?"

Na zage shi, ya ba ni albasa, na karɓa. Ƴaƴansa da injin nan suke ci, na sani.

Washegari na ɗaure zane na shiga ruwan da kaina, na sa kunne a goran. Ƙarar injinan har a haƙorana na ji ta. A tudu ƙarar inji tana da gefe, kana iya juya mata baya. A cikin ruwa ko'ina take. Ni na ɗaga kai na huta. Kifi ina zai ɗaga nasa? Wasu sun ce ruwa ne ya ja baya, wasu sun ce masunta ne suka yi yawa. Rubutun nan da furfurata na koye shi, abin da kunnena ya ji kawai zan rubuta.

Ranar babbar Sallah ba wanda ya tada inji. Da aka sauko daga Idi maigida ya ce, "Kai ni ruwa." Na ce ya bari a gama yanka. Ya ce, "Yau kaɗai za su bar ni in ji."

Ya tuɓe rigar Sallah ya ba ni. Ya daɗe a tsakiya, kunne a gora, ba ya motsi. Da ya fito na ce, "Me kifayen suke cewa?"

"Ba kowa a gidan," ya ce. Sai ya turo mini goran. "Saurara mini. Ƙila kunnena ne ya bi ido."

Na gane abin da yake roƙo. Ya fi so a ce shi ne ya kurumce, su suna nan. Na saurara. Ban iya ƙarya ba, ban kuma koya ranar ba. Na ce, "Maigida, shiru ne."

Nan ya bar goran. Ni na ɗauko shi a ka, maigida yana riƙe da gefen zanena.

Yanzu a ƙofar gida yake wuni. Kwanan baya wata baƙuwa ta wuce, ta ajiye masa sadakar ƙosai a gabansa. Na bi ta da gudu na mayar mata, na ce wannan masunci ne. Da na dawo ina haki ya ce, "Da kin bar shi. Ba ta yi kuskure ba."