Injiniya da Baƙin Bazara

A gidan ruwan da ke bakin gari kowa Injiniya yake kiransa, ko da yake bai taɓa taka ƙofar jami'a ba. Yana aji huɗu na sakandare mahaifinsa ya rasu, ya ajiye littafi ya fita neman aiki. Abin da ya samu shi ne kula da injinan tura ruwa: ya duba mai, ya matse abin da ya saki, duk bayan awa biyu ya karanta agogunan awon inji da ke jikin bango ya rubuta. Wani tsohon manaja ne ya laƙaba masa sunan, ranar da ya kara kunne a jikin inji na biyu ya ce gobe zai tsaya, gari na wayewa kuwa ya tsaya. Tun ana faɗa da dariya har sunan ya bi shi gida.

Ɗakin injin dogo ne mai rufin kwano, daɓensa kullum da danshi da warin baƙin mai. Injina uku ne a jere, sai tebur mai gajeriyar ƙafa da aka tokare da bulo, sai taga guda ɗaya. Ta tagar ana hango tafkuna huɗu da ake tara ruwa ya kwanta kafin a tace shi, bayansu kuma fadama ce mai dogayen ciyayi har zuwa layin dogo. Ƙarar injinan ta ci masa rabin jin kunnen hagu, shi ya sa in ana masa magana yake karkato kai, kamar wanda bai yarda da abin da ake faɗa ba. Alhali mutum ne mai saurin yarda.

Shekara tara ya yi a ɗakin bai san abin da ke bayan tagar ba. Wata safiya a farkon bazara aka ɗauke wuta, janareta ya ƙi tashi, injina uku suka yi shiru lokaci guda. A cikin shirun nan ya ji wata hayaniya kamar ta kasuwa. Ya leƙa, ya ga tafki na uku ya cika maƙil da tsuntsaye, wasu na sauka wasu na tashi, wasu sun jeru a bakin ruwa sun cusa kai a fiffike kamar matafiya a tasha. Jiya babu ko ɗaya. Ya tsaya riƙe da sifana har aka maido da wuta. Da ya koma tebur sai ya yagi takarda ya rubuta kwanan wata, ya sa a ƙasa: "Yau baƙi sun sauka." Bayan kwana goma tafkin ya koma wayam.

Da shekara ta zagayo ya ci karo da takardar a aljihun tebur, ya duba kalanda, ya ga saura kwana biyu. Ranar ta uku suka sauka. Da yamma ya biya ta kanti ya sayi littafin rubutu irin na 'yan makaranta.

Bai san sunayen yawancinsu ba. Zalɓe da balbela da shamuwa ya san su tun yana yaro, amma waɗannan baƙin sai shi ya raɗa musu. Akwai Dogon Wando, mai jajayen ƙafafu kamar sillen kara. Akwai Sarkin Tsoro, wanda ko ganye ya motsa shi ne farkon tashi. Akwai 'Yar Gaggawa, da ke gudu a bakin ruwa ta tsaya cak, ta sake zura da gudu kamar ta manta tukunya a wuta.

Matarsa tela ce, keken ɗinkinta na falo kusa da ƙofa. Ita ce ta fara shan labarin.

"Maman yara, yau Dogon Wando ya iso, su goma sha ɗaya."

"To, a gaishe su," in ji ta, da allura a baki. "Mazan mutane na dawowa da labarin ƙarin girma, nawa mijin da labarin agwagwa."

"Ba agwagwa ba ne."

"Yana shiga ruwa?"

"Yana shiga."

"Agwagwa ne."

Duk da haka ita ta ɗinka wa littattafan jaka da ragowar yadi, don kada mai ya ɓata su.

Shekara goma sha tara yana wannan rubutu ba wanda ya sani sai ita. Rannan, wata Asabar, mutum shida suka tsaya a ƙofar gidan ruwan da faffaɗan huluna, kowa da madubin hangen nesa rataye a wuya. Mai gadi ya zaci masu bincike ne daga babban ofis, har ya sara musu. Ashe 'yan wata ƙungiya ce ta masu kallon tsuntsaye, wadda ba ta daɗe da kafuwa a garin ba. Shugabarsu wata malamar kimiyya ce da ta yi ritaya, gajeriya, mai saurin tafiya da saurin magana, kowa na ce mata Malama. Manaja ya ba su izinin awa biyu, ya kira Injiniya ya ce ya raka su kada wani ya faɗa tafki.

Ya bi su a baya, hannuwa a goye. Suka zagaya tafki biyu suna raɗa, suna buɗe wani littafi mai hotuna suna rufewa. Da ya ga ran Malama ya fara ɓaci sai ya matso.

"Ranki ya daɗe, wa kuke nema?"

Ta nuna masa hoton wani tsuntsu mai dogon baki da ya lanƙwasa sama.

"Au, Mai Lauje. Kun yi sauri. Sai Laraba, ko Alhamis in iska ta juya. Kuma ba nan yake sauka ba, can ƙarshen tafki na huɗu, wajen bututu."

Wani mai kantin magani a cikinsu ya yi murmushi irin wanda ake yi wa tsoho in ya yi ruɗu. Ranar Alhamis da sassafe sai ga Malama ita kaɗai, ta wuce kai tsaye ƙarshen tafki na huɗu. Bayan minti ashirin ta shigo ɗakin injin da taɓo har ƙauri, tana ɗaga murya don ta rinjayi ƙarar.

"Guda bakwai! Malam, ya aka yi ka sani?"

Ya ji kunya kamar an kama shi yana wasa a bakin aiki. Ya jawo jakar daga ƙarƙashin tebur, ya ce rubutun ba kyau, kuma sunayen na shirme ne. Ta zauna a kan durom ɗin mai, ta fara daga littafi na farko. Har ya je ya karanta agoguna sau biyu tana nan ba ta ɗago ba. Da ta gama ta cire tabarau ta goge da bakin mayafi.

"Ka san abin da ke cikin jakar nan?"

"Abin rage zaman kaɗaici ne kawai."

"Mu shekara biyu muke lalube. Kai ka riga mu da shekara goma sha bakwai, ba madubi, ba littafi."

Ta cire madubinta ta rataya masa, ta ja shi bakin taga ta nuna masa yadda ake murza shi. Da farko hazo kawai ya gani. Sai ga Dogon Wando a gabansa kamar ya miƙa hannu ya taɓa, har da ɗigon ruwa a bakinsa. Ashe idonsa ja ne. Shekara goma sha tara suna tare bai sani ba.

Daga nan ya zama ɗan ƙungiya. Suna taro Lahadin farkon wata a wani aji na makarantar da Malama ta koyar, manya a kan kujerun yara, gwiwa na dukan tebur. Wata uku suka ɗauka suna haɗa sunayensa da na cikin littafinsu, ana gardama ana dariya. Ƙarshe dai sunayensa ne suka zauna a bakin kowa, har mai kantin maganin, wanda ya zama babban abokinsa.

A littafi na goma sha biyu Malama ta ga wasu lambobi a gefen shafi. Ya ce wata 'Yar Gaggawa ce ta maƙale a ragar da ke tare shara a bakin bututu, ya sauka ya ciro ta, ya ga ɗan zobe a ƙafarta, ya kwafi abin da ke jiki kafin ya sake ta. Malama ta aika da lambobin inda ake aikawa. Bayan wata biyu amsa ta zo: an sa mata zoben tun tana 'yar tsako, a wata ƙasa mai sanyi, tafiyar da ta haura kilomita dubu huɗu. Injiniya ya buɗe tafin hannunsa yana kallo.

"Ko nauyin ƙwai ba ta kai ba," ya ce. "Na ji zuciyarta na bugawa a nan."

Shi kansa bai taɓa tafiyar da ta wuce ta yini guda a mota ba. Ya nemi a ba shi takardar, ya kai gida, Maman yara ta sa autarsu ta karanta mata sau biyu.

Bayan shekara uku lokacin ritaya ya yi. Aka yi ɗan biki a harabar ofis, aka ba shi agogon bango da takardar yabo, ya miƙa makullai da katin shaida. Bai kawo komai a ransa ba sai da bazara ta ƙarato ya shirya ya tafi gidan ruwa. An canza manaja, an canza doka. Mai gadin da suka yi shekara ashirin suna shan shayi tare ya fito yana sosa ƙeya.

"Wallahi Injiniya, ba daga ni ba ne. An ce ba kati, ba shiga."

"Ai gaskiya ne," ya ce. "Ruwan da jama'a ke sha ne." Ya tambayi lafiyar iyali, ya juya.

Bai gaya wa kowa ba. Ya daina zuwa taro, ya ce gwiwa ce. A gida ya kwance famfon kicin ya ɗaura, ya kwance na banɗaki, ya gyara ƙofar da ba abin da ya same ta. Ranar da ya doshi keken ɗinki da gwangwanin mai, Maman yara ta tare shi.

"Malam, ka taɓa keken nan, ni da kai ne."

Washegari ta yafa mayafi ta ce za ta sayo zare, ta nufi gidan Malama.

"Ni ban san kan tsuntsu ba," ta ce bayan sun gaisa. "Amma na san mijina. Ku maido shi wurin baƙinsa kafin ya kwance mini rufin ɗaki."

Sau biyar Malama tana zuwa ofishin sabon manaja. A zuwa na biyar ya gaji ya sa hannu: Asabar huɗu a shekara, mutum talatin, da sunan Injiniya a matsayin jagora. Ƙungiya ta shirya fita mafi girma da ta taɓa yi. Aka manna sanarwa a ɗakin karatu da asibiti, aka ɗauki hayar bas. Shi aka bar wa zaɓen rana. Ya baje littattafansa a tabarma kwana biyu, ya zaɓa.

Ranar suka sauko daga bas su talatin cif, da ma'aikatan jinya, da wani direban tasi da matarsa, da tsofaffi biyu masu sanda. Ya shige gaba da sabuwar hula. Tafki na farko ba komai. Na biyu balbela uku. Na uku da na huɗu ruwa ne shimfiɗe, ko gashin tsuntsu babu. Ya tsaya a bakin bututu yana duban sama, gumi na bin bayansa. Ya cire hular.

"Jama'a, ku gafarce ni. Na tashe ku da sassafe a banza."

Sai matar direban tasin ta nuna wani ƙaton bututu ta ce, "Baba, wai wannan ruwan ne yake zuwa gidajenmu?"

Ya ce shi ne. Ta ce to ya ake yi ya fita fari? Ya fara bayani a takaice, wani ya sake tambaya, can sai ga shi yana jan mutum talatin daga tafki zuwa matatar ruwa, yana nuna inda laka ke kwanciya da inda ake sa magani, da dalilin da ya sa unguwannin kan tudu ba sa samun ruwa sai da hantsi. Awa biyu ba wanda ya koma bas. Ɗaya daga cikin tsofaffin ya ce shekara saba'in yana buɗe famfo bai taɓa tambaya ba.

A hanyar komawa Malama ta zauna ta ɓangaren kunnensa mai ji.

"Ba kai ka yi kuskure ba. Na jera ranakun da ka rubuta, shekara shida ke nan suna gocewa kaɗan-kaɗan. Ba don littattafanka ba, wa zai lura?"

Ya gyaɗa kai, amma abin bai bar cinsa ba. Washegari ya bi layin dogo ta bayan shinge har ya sami wata 'yar gada, inda ake hango rabin tafki na uku. Kullum da safe yana can. Ran kwana na tara baƙin suka sauka, da yawan da ya daɗe bai gani ba. Ya buga wa Malama waya, ta buga wa sauran, kafin ƙarfe tara mutum goma sha huɗu sun jeru a kan gadar, wasu da kayan aiki a jikinsu.

Yanzu shekarunsa sittin da bakwai. Gwiwar da ya yi ƙarya da ita ta zama gaskiya, don haka mai kantin magani ke biyowa ya ɗauke shi a mota, da kujerar ninkewa a but. Ƙungiyar ta haura mutum hamsin. Ya daina faɗin rana, in an matsa masa sai ya ce, "Cikin makon nan ko na gaba, ba su aiko mini da takarda ba." Bara autarsa ta zauna wata guda tana shigar da littattafan a kwamfuta, ta kira shi ta ce akwai kalmar da ta kasa karantawa a shafi na arba'in na littafin farko. Ya sa tabarau, ya kai littafin bakin taga, ya juya shi sama da ƙasa. Shi ma bai iya karantawa ba.