Kafar da Malam Hamisu Ya Huda a Katanga

Shekara tara ke nan da muka kai Malam Hamisu mai gyaran rediyo makwancinsa a Dutsin-Ma. Allah Ya jiƙansa da rahama. Mutanen gari sun fi tuna shi da shagonsa na bakin kasuwa. Ni kuwa, da muka taso tare tun firamare, in an ambace shi abin da ke fara faɗo mini shi ne wani dogon katako mai tsagi biyu, da wata kafa a jikin katanga.

Aikin injinan ban-ruwa ya kai ni ƙasashe da dama, kuma duk inda na je na tarar da motar wasa. A Maradi ta kara ce irin tamu, a Abidjan ta gwangwani, a Khartoum ta waya. A Jamus ne kaɗai na ga dattawa masu furfura sun taru suna tseren 'yan motoci masu aiki da lantarki. Hanyar miƙaƙƙiya ce, babu kwana. Kowace mota tana da ɗan haƙori a ƙasa wanda ke shiga tsagi ya riƙe ta, wuta kuma na bi ta gefen tsagin. Fitila ta kama, mutum biyu su danna maɓallin da ke hannunsu, wadda ta riga kai ƙarshe ita ta ci. Na sayo guda biyu, ja da shuɗiya, tsarabar 'ya'yan Hamisu. Ya juya su, ya leƙa cikinsu, ya ce, "Yaran su dakata tukuna."

Bai taɓa ganin irin hanyar ba, sai abin da na zana masa a ƙasa da tsinke. Ya jera falankai a tsakar gida, ya ɗora su kan tubala saboda gara, ya shafe ƙasansu da baƙin mai. Ya fere wayar eriya, ya zare saƙar jan ƙarfen da ke ciki, ya daddake ta, ya shimfiɗa a gefen tsagi. Batirin mota ya ba da wuta, ƙwan sigina na babur ya zama fitilar tashi. Da tayoyin suka cinye, robar tiyub ɗin keke ya yanka. Jamusawa sayen komai suke yi a kwali. Hamisu a bolar shagonsa ya tsinci nasa.

Abu ɗaya na manta ban gaya masa ba: mota mai wannan gudu tana bukatar wurin tsayawa bayan ta ƙetare layi. Ranar gwaji jar ta tafi kamar kibiya, ta daki katanga, gabanta ya tsage. Tsakar gidan ta yi gajarta, kuma bayan katangar nan gidan ƙanensa ne, Alhaji Sule.

Gida ɗaya ne na mahaifinsu aka raba. Sun saɓa a kan iyakar wata gona a Rawayau, ta ƙasar Kurfi, kuma ba zan tone abin da ƙasa ta rufe ba. Ko tsakanin harshe da haƙori ana saɓawa, amma nasu ya daɗe. Sule ya mai da ƙofarsa ta kalli wani layin dabam, ta yadda sai an zagaya unguwa kafin a je daga wannan gida zuwa wancan. In sun haɗu a masallaci, sallama ce kawai, kowa ya kama gabansa.

Wata rana Sule ya tafi cin kasuwa Kurfi, Hamisu ya ɗauki diga ya huda katangar, kafa daidai shigar ƙwarya ƙarama, ya tura ƙarin falanki ta ciki. Na ce masa wannan tsokana ce. Ya ce, "Katangar ta ubanmu ce. Rabina na huda." Kowa ya zuba ido a ga rigima. Sule ya dawo, ya tsaya ya duba, ya shige ɗaki. Washegari aka ga an tokare bakin falankin da tubala, an kuma ajiye buhun auduga a ƙarshe don motoci su faɗa kan taushi.

Sai wata matsalar ta taso. Layin ƙarshe yanzu yana gidan Sule, masu dannawa suna gidan Hamisu, ba mai ganin wadda ta ci. Ina wurin da la'asar ɗin da muka saki motocin suka ɓace cikin kafar, muka tsaya muna kallon juna. Can sai muka ji murya daga bayan katanga: "Ja!" Hamisu ne mai jar. Ya ɗaga murya ya ce, "Ka tabbata?" Aka ce, "Yaya, in ba ka yarda ba zagayo ka gani." Ya zagaya.

Ana cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A gidan nan zumunci ne ya shiga. Matan suka fara miƙa wa juna daddawa da gishiri ta kafar. Maganar gona ba a sake tayar da ita ba, ba a kuma warware ta ba, an dai bar ta ta tsufa. Sule ya zama alƙalin tsere, da kujerarsa a gindin katanga.

Da na sake tafiya, na sayo masa na'urar da Turawa ke sawa a layin ƙarshe, mai kunna fitila a gefen wadda ta ci. Na zaci zai yi murna. Ya kwance ta, ya yaba aikin, ya mayar cikin kwali. Ya ce, "Abu mai kyau. To in na sa ta, Sule ya yi me?" Na ji harsuna da yawa a yawona, amma ban taɓa jin an yi wa na'ura tambayar da ta fi wannan ba.

Nakan yi tunanin yadda zai ga yau. Farantin sola zai burge shi, don ya sha wahalar kai batiri caji. Wayar hannu da ke ɗaukar hoto ta maimaita shi a hankali, ina jin kwali zai nema mata. Abin da zai dame shi katangu ne. Halin tsaro ya sa kowa a ƙasarmu yana ƙara wa tasa tsawo, daga Dutsin-Ma har ƙauyukan Barkiya, kuma ba na ganin laifin kowa.

Bana damina ta cinye gindin tsohuwar katangar, Kabiru, babban ɗan marigayi, ya yanke shawarar rushe ta ya yi ta bulo, ba kafa. Hujjarsa mai ƙarfi ce: ɓeraye na bi, an taɓa kashe maciji a wurin, masu wasan kuma sun girma sun watse. Sai dai Alhaji Sule ya tsufa, ƙafa ta ƙi, ba ya iya zagaya unguwa. Ta kafar nan yake gaisawa da iyalin wansa kowace safiya. In aka toshe, an rufe shi ke nan.

Ban yi wa Kabiru wa'azi ba. Na roƙe shi dai mu saki motocin sau ɗaya kafin a kwashe katakon. Ya goge jan ƙarfen, ya jona batiri, ya jingina wayarsa a bakin kafar tana ɗauka. Ni na riƙe jar, ta uban, shi shuɗiya. Aka zaunar da Sule a kujerarsa, yanar ido duk ta rufe masa gani. Fitila ta kama, muka danna.

"Ja!"

Kabiru ya ɗauko wayar ya duba. Na leƙa, shuɗiya ce ta ci, da tazara. Muryar ta sake tasowa: "Kai Kabiru, ka yi shiru. Ja na ce. Ubanka ma sau ɗaya ya taɓa yi mini gardama."

Kabiru ya daɗe yana kallon wayar, sannan ya sa ta aljihu. Ya ce, "Na ji, Baba. Ja ce."

Shagon Hamisu yanzu na masu sayar da caja ne, rediyoyin da ya gyara sun mutu, katakon ma gara za ta gama da shi wata rana. Sabuwar katangar ta tashi, ta fi ta dā tsawo, har da waya a samanta. A ƙasa, daidai inda diga ta taɓa shiga, magini ya bar kafa, Kabiru ya sa mata ɗan murfin ƙarfe. Sakatar tana ɓangaren Alhaji Sule.